Kare Namun da Ke Gab da Ƙarewa Lokacin Sabunta Lasisin Tashar Lantarki

Gabatarwa

Yawancin ruwan famfon da a ke sha a birnin Gombe daga madatsar ruwa ta Dadin Kowa ya ke fitowa. Gwamnatin Tarayya ce ta gina wannan madatsa a kan Kogin Gongola cikin shekarun 1980, kimanin kilomita 40 gabas da birnin, a Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba. Da ruwanta manoma ke noman rani, a cikinsa masunta ke kamun kifi, kuma da ƙarfinsa a ke juya injunan tashar lantarki mai megawat 40 da ke gindin madatsar.

Amma fa ba 'yan Adam kaɗai ke da rabo a wannan ruwa ba. Akwai dorina, akwai kifaye iri-iri, akwai tsuntsayen ruwa. Su ba su da wakili a majalisa, ba su kuma iya rubuta takardar koke. To, wa zai yi magana a madadinsu sa'ad da a ke shawarar yadda za a yi da kogi?

Wannan ɗan littafi zai bayyana maka, ya kai mai karatu, yadda a ke amsa wannan tambaya a inda a ke samar da lantarki ta hanyar nukiliya. A ƙasar Amurka, alal misali, ba a sabunta wa tashar nukiliya lasisi sai an sāke duba halin da namun da ke kewaye da ita ke ciki. Har yanzu Nijeriya ba ta da irin wannan tasha, amma tana da niyyar ginawa, kuma darasin ya shafi manyan ayyukan da mu ke da su tun yanzu. Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Me ya haɗa tashar nukiliya da namun ruwa?

Tashar nukiliya, in an taƙaita, babbar tukunya ce ta tafasa ruwa. Maimakon itace ko gawayi ko gas, a kan yi amfani da ma'adinin yuraniyam, irin wanda a ke haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar tun 1971. Idan aka farfasa ƙwayoyin zarra na wannan ma'adini sai su ba da zafi mai tsanani. Zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya farfelar inji, injin kuwa ya ba da lantarki.

Bayan tururin ya gama aikinsa tilas ne a sanyaya shi ya koma ruwa, domin a sāke tafasa shi. Sabili da haka ne a ke gina yawancin tashoshin a bakin kogi ko tafki ko teku. Daga nan kuwa illa uku ke tasowa. Ta farko, ƙarfin zuƙar ruwa ya kan manna manyan kifaye da kunkurun ruwa a jikin ragar ƙarfen da ke bakin bututu, har su galabaita ko su mutu. Ta biyu, ƙwai da 'ya'yan kifi su kan ratsa ta ramukan ragar su shige cikin bututu, zafi ya hallaka su. Ta uku, ruwan da a ke mayarwa kogi ya fi wanda aka ɗebo ɗumi, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa kamar yadda mai sanyi ke riƙewa.

Idan kifin mai yawa ne, ana iya jure asarar. Idan kuwa irinsa ya riga ya yi ƙaranci a duniya, mutuwar kaɗan ma babbar hasara ce.

Don me a ke sabunta lasisi?

A Amurka, dokar makamashin nukiliya ta 1954 ta ƙayyade cewa lasisin farko kada ya wuce shekara 40. Wanda ke son ci gaba da aiki sai ya nemi ƙarin shekara 20 daga hukumar kula da nukiliya ta ƙasar. Tashar farko da ta sami irin wannan ƙari ita ce ta Calvert Cliffs, a shekarar 2000.

Shekara 40 ba kwana 40 ba ce. A cikinta injuna kan tsufa, kogi kan sāke hali, garuruwa kan bunƙasa, dabbar da a dā ba a iya ƙirga ta kuma ta kan zama sai an yi da gaske a ke ganinta. Saboda haka bincike iri biyu a ke yi. Na ɗaya ya duba lafiyar injuna da gine-gine, na biyu ya duba muhalli.

A cikin bincike na biyun ne dokar kare halittu masu ƙarewa ta 1973 ke shigowa. Sashe na 7 na dokar ya wajabta wa kowace hukuma ta gwamnatin tarayyar ƙasar ta tabbatar cewa aikin da za ta ba wa izini ba zai jefa wani iri na dabba ko tsiro cikin haɗarin ƙarewa ba. Ga yadda a ke bin abin:

1. A tattara sunayen halittun da doka ta kare waɗanda ke zaune kusa da tashar.
2. Masana halittu su rubuta rahoto kan yadda aikin tashar ke shafar kowannensu.
3. A miƙa rahoton ga hukumomin kula da namun daji da kifaye, waɗanda ba sa ƙarƙashin masu tashar.
4. In an ga akwai illa, waɗannan hukumomi su rubuta hukuncinsu, su gindaya sharuɗɗa, su kuma ƙayyade iyakar adadin dabbobin da aka yarda su kamu ko su mutu bisa kuskure. In aka zarce adadin, sai a sāke zama.

Har wa yau a kan kira taron jama'ar yankin, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa kafin a yanke shawara.

Misalai biyu

A Jihar Filorida akwai tashar Turkey Point, wadda aka haƙa mata hanyoyin sanyaya ruwa masu tsawon kimanin kilomita 270. A 1975 aka sa kadan Amurka cikin jerin masu gab da ƙarewa. Ba da daɗewa ba sai aka tarar kadojin suna zuwa suna yin ƙwai a gāɓar waɗannan hanyoyi, domin babu mai damunsu a can. Aka ɗauki masana suna ƙirga ramukan ƙwai, suna yi wa 'ya'yan alama. Kadojin suka ƙaru, har a 2007 aka sassauta matsayinsu a jihar. Amma a wajen 2015 ruwan hanyoyin ya yi zafi da gishiri fiye da kima, ramukan ƙwai suka ragu ƙwarai. Da ba a ƙirgawa kowace shekara, da ba wanda zai lura da wuri.

Misali na biyu shi ne tashar Indian Point, a bakin Kogin Hudson na Jihar Niyok. Lokacin da ta ke aiki, ta kan zuƙi ruwa fiye da galan miliyan dubu biyu a kowace rana, a kogin da wani babban kifi mai suna sitajan, wanda doka ta kare, ke hayayyafa. A 2010 hukumar muhalli ta jihar ta ƙi ba ta takardar shaidar ingancin ruwa, wadda sabunta lasisin ke bukata. Aka daɗe ana jayayya, kuma da wannan da waɗansu dalilai na kuɗi da na tsaron lafiyar jama'a, aka rufe tashar a 2021.

Ka ga ke nan tasha tana iya zama mafaka, tana kuma iya zama tarko. Abin da ke bambanta su shi ne sa ido da ƙidaya.

Ina Nijeriya ta tsaya?

An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya da Dokar Soja mai lamba 46 ta 1976. A 1995 aka yi dokar kiyaye haɗarin nukiliya, wadda a ƙarƙashinta hukumar ba da lasisi da sa ido ta fara aiki a 2001. Tukunyar nukiliya ɗaya tak mu ke da ita, watau ta Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ta fara aiki a 2004. Ƙarama ce, mai ƙarfin kimanin kilowat 30, ta bincike da koyarwa, ba ta ba kowa wuta. Wuraren da aka ambata domin manyan tashoshi su ne Geregu a Jihar Kogi da Itu a Jihar Akwa Ibom. Na farko yana kusa da Kogin Kwara, na biyu kusa da Kogin Kuros, kuma a cikin kogunan biyu ana samun ayu, dabbar da ta yi ƙaranci ƙwarai.

Ta wajen doka ba a bar mu a baya ba. Tun 1963 Jihar Arewa ta yi Dokar Namun Daji. Dokar Soja mai lamba 11 ta 1985 ta jera dabbobi kashi biyu: waɗanda aka haramta farautarsu da cinikinsu ɗungum, kamar ayu da ɗankunya, da waɗanda sai da lasisi. An yi mata gyara a 2016 aka tsananta tara. Bayan da aka gano gubar da aka jibge a garin Koko a 1988, aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. Sa'an nan Dokar Soja mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta binciken illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, ko madatsa ce, ko tashar lantarki, ko haƙar mai. A 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA domin tabbatar da bin ƙa'idodin muhalli.

Sai dai a lura da abu guda. Manyan madatsunmu, irin su Kainji da Tiga da Bakolori da Dadin Kowa, duk sun girmi dokar 1992. Saboda haka hanyar da ta rage ta kare namun da ke cikinsu ita ce a riƙa sāke dubawa daga lokaci zuwa lokaci, musamman sa'ad da a ke sabunta wani izini ko yarjejeniya, ko a ke shirin faɗaɗa aiki. Wannan shi ne ainihin darasin da mu ke ɗauka daga tashoshin nukiliya.

Dorinar Dadin Kowa

Tashar da ke aiki da ƙarfin ruwa ba ta ɗumama kogi kamar ta nukiliya. Tata illar daban ce. Madatsa ta kan tare hanyar kifin da ke haurawa sama domin yin ƙwai. Sakin ruwa da tsare shi kan sa gāɓa ta cika yau ta janye gobe. Bugu da ƙari, ruwan da ba ya ƙafewa da rani ya kan jawo manoma har bakin gāɓa, watau daidai wurin kiwon dorina.

Dorina ta kan yini a ruwa, da dare ta fito ta ci ciyawa kimanin kilo 40. Idan ta tarar an mai da makiyayarta gonar shinkafa ko masara, to, amfanin gonar za ta ci. Manoman ƙauyukan bakin ruwan, irin su Hinna, sun sha kai kuka kan ɓarnar da ta ke yi musu, kuma an yi hasarar rayukan masunta. Wannan kuka gaskiya ne, kuma wajibi ne a saurare shi. Wanda aka cinye masa gona a dare ɗaya ba ya bukatar wa'azi a kan kyan dabba.

Duk da haka, kashe ta ba shi ne magani ba. Tun 2006 aka sa dorina cikin jerin dabbobin duniya da ke fuskantar barazana, kuma a Nijeriya 'yan garkuna ne suka rage, a warwatse. Ta kan yi wata takwas da ciki, ta haifi ɗa guda, galibi sau ɗaya a shekara biyu. Kāshinta kuma taki ne ga ruwa, yana ciyar da ƙananan halittun da kifi ke ci. Masunci da ke murnar mutuwarta, komarsa ya ke yi wa illa bai sani ba.

Tarihi ya nuna mana hanyoyi biyu. Baƙin karkanda na yammacin Afirka, wanda a dā ke yawo a dazuzzukan arewa maso gabashin ƙasar nan, an tabbatar da ƙarewarsa a duniya a 2011. Raƙuman dawa na Jamhuriyar Nijar kuwa, da suka ragu zuwa kimanin 50 a 1996, an tsare su an ƙirga su shekara da shekaru, yanzu sun haura 600. Abin da aka kula da shi ya kan farfaɗo. Wanda aka bari ya ƙare kuwa, ya tafi ke nan.

Abin da a ke bukata daga gare ka

1. Idan aka yi shelar wani babban aiki a yankinku, a kan ajiye rahoton binciken muhalli a ofisoshin ma'aikatar muhalli da sakatariyar ƙaramar hukuma na tsawon ranakun aiki 21, a kuma sanar a rediyo da jarida. Je ka duba, ko ka sa wanda ya iya ya karanta maka, ka rubuta ra'ayinka.
2. A wurin taron jama'a ka yi tambaya: Waɗanne dabbobi ne a wannan ruwa? Wa ya ƙirga su, kuma yaushe? Wa zai sāke ƙirgawa bayan an fara aiki?
3. Masunta da mafarauta da makiyaya, ku kuka fi kowa sanin inda kifi ke ƙwai da inda dorina ke fitowa. Ku gaya wa masu bincike.
4. Manomi ya bar fili tsakanin gonarsa da bakin ruwa, kada ya toshe turbar da dorina ke bi. Masunci ya guji inda ta ke da jariri, ya kuma rage fita da dare a wuraren da ta ke.
5. In dabba ta yi ɓarna, a sanar da mai unguwa ko dagaci da ma'aikatan gandun daji nan da nan. Kada a sa guba a ruwa, gama ruwan nan shi jama'a ke sha.

Kammalawa

Ƙasar nan tana bukatar lantarki, tana bukatar abinci da ruwan sha, ba mai musun wannan. Amma lasisi amana ce ta ƙayyadadden lokaci, kuma duk wanda aka ba amana akwai ranar da za a tambaye shi. A ranar nan, bayan an tambayi yawan wutar da ya bayar, lalle ne a tambaye shi halin da ya bar kogin da abin da ke cikinsa. Idan muka saba da yin wannan tambaya a Dadin Kowa tun yau, ba za ta zama baƙuwa gare mu ba ran da za a aza harsashin tashar nukiliya a ƙasarmu. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.