Ajiyar Baba a Zangon Kwatano

Shekaru masu yawa motar mahaifina ta yi a gindin darbejiya a gidanmu na Kano, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji sun mai da kujerar baya akurki. Fijo 504 ce fara, haɗin Kaduna. Duk wanda ya yi wayo a Arewa a shekarun 1980 ya san ta: ita ce motar gwamnati, ita ce ta haya, ita ke kai amarya. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, sannan masana'antar PAN da ke Kakuri ta soma haɗa Fijo a 1975. Faransawa sun daina yin irinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fito da ita fiye da shekara ashirin bayan haka.

Ranar da 'yan gwangwan suka taya ta da kuɗin ƙarfe, na kasa barci. Da gari ya waye na ɗauko wani tsohon bakanike da ya yi ƙuruciyarsa a ƙarƙashin Fijo. Ya zagaya ta, ya buɗe bonet, ya shafa injin da tafin hannu. Ya ce, "Ɗana, injin nan ba ya ba ni tsoro. Abin da zai wahalar da kai shi ne abin da ba wanda ya damu ya adana."

Haka kuwa aka yi. Fistin da ringi da kuloci duk na same su a Ƙofar Ruwa cikin mako biyu. Lagireto aka wanke aka yi masa walda. Ƙofar baya da tsatsa ta cinye, a Panteka ta Kaduna na tsinto madadinta. Sai muka zo kan fitilun gaba, nan aiki ya tsaya cak. Fitilar 504 ba zagayayya ba ce, ba kuma murabba'i ba; samanta a karkace yake kamar gira, kuma ita ce fuskar motar gaba ɗaya. Tamu ɗaya ta fashe, ɗayar kuma madubin cikinta ya dushe. Na kwaikwayo suna nan jibge a kasuwa, na saya na ɗaura, da dare ya yi haskensu ya watse kamar na aci-bal-bal. Na asali nake so, masu tambarin Cibié a jikin gilashi. Wata shida ina nema.

Mahaifiyata ce ta ce in je Kwatano. Can Baba ya yi fatauci kafin a haife ni, kuma a gida ɗaya yake sauka a Zango duk zuwansa. Ban sa rai da komai a gidan ba, na dai ɗauki kwatance don in gaishe su. Abin da ya ja ni shi ne sunan garin, tunda a bakin Bahaushe "'yar Kwatano" na nufin motar hannu. Daga tashar jirgin ruwan garin motocin Turai suka riƙa kwarara zuwa Najeriya da Nijar, har Najeriya ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa a Janairun 2017, ta kuma rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan an buɗe na bi ta Legas, na tsallaka Seme.

Kwana uku ina bayan 'yan zemijan, wato 'yan acaɓar garin masu rigar ɗorawa, daga filayen motoci na Sekanji zuwa wuraren da ake farke matattun motoci. Toyota ce ko'ina. In na ce 504 sai a yi murmushi a nuna mini gaba. Wani ya fito mini da fitila ɗaya ta hagu mai tsaga, ya sa mata kuɗin da ya kusa na injin.

A rana ta huɗu, bayan la'asar a babban masallacin Zango, na nemi gidan. Maigidan ya daɗe da rasuwa, babban ɗansa ne ya karɓe ni, dattijo mai furfura. Hausarsa garau, sai dai Faransanci na faɗo masa jefi-jefi. Da na faɗi sunan Baba sai ya yi shiru, ya ce, "Kai ne ɗan nasa? Ina zuwa." Ya shiga ciki. Can na ji muryar tsohuwa daga bayan labule tana cewa, "Ku shigo da yaron nan in gan shi."

Ta daɗe tana kallona. Ta yi wa Baba addu'a, ta tambayi mahaifiyata, sannan ta ce a jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonta. A ciki akwai kwali ɗaure da igiyar rama, an rubuta sunan Baba a kai da ajami, da hannunsa. Na san rubutun tun kafin in karanta.

Ɗan nata ya ba ni labari. A wancan zamani Turawa matasa kan tuƙo tsofaffin Fijo daga Faransa, su keta Sahara ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit da Agadas, su sayar a Nijar ko su gangaro har bakin teku, su koma gida a jirgin sama. Sukan taho da kayan gyara saboda hanya, in sun iso su karyar. A hannun irinsu Baba ya sayi kayan nan, ya bar wa maigidansa ajiya kan zai ɗauka a zuwa na gaba. Kasuwa ta juya, bai sake komawa ba. Da maigidan ya zo rasuwa, cikin wasiyyarsa har da kwalin: na Bakano ne, kada a taɓa. Sun tashi daga ɗaki zuwa ɗaki, damina ta sha shiga gidan, kwalin yana tare da su.

Hannuna na rawa na kwance igiyar. Jaridun Faransanci ne da suka yi ja don tsufa, a cikinsu fitilu biyu, dama da hagu, ba a taɓa ɗaura su ba. Na goge gilashin da bakin rigata, ga Cibié nan ɓaro-ɓaro. Har ƙwayayensu na ciki, masu ruwan ɗorawa, irin waɗanda dokar Faransa ta wajabta wa motoci kafin 1993.

Na ciro kuɗi, tsohuwar ta ɓata rai. Ta ce, "Ɗan nan, kayan ubanka zan sayar maka? Mai da kuɗinka. Ka dai ce wa uwarka mun sauke." Da ƙyar ta karɓi turmin atamfa da na sayo a kasuwar Dantokpa washegari.

A cinyata na riƙe kwalin tun daga Kwatano har Kano, ban yarda an sa shi a but ba. Bakaniken ya ɗaura su da kansa, ya hana yaransa taɓawa. Bayan magariba muka tura motar bakin ƙofar gida, ya tayar da ita, ya murza makunnin. Haske rawaya ya kwanta a kan katangar maƙwabta. Mahaifiyata ta fito zaure da carbi a hannu, ta tsaya tana kallo, sannan ta ce a buɗe mata gidan gaba.