Maijego Ta Daina Barci, Kun Ce Aljanu Ne

Kwana huɗu da haihuwa wata maijego ta daina barci. Ranar suna tana ta surutu ba kan gado, tana rantsuwa cewa an musanya mata jariri. Gida cike da mata, kowacce da fassararta. Uwarta ta ce iska ce ta shafe ta a banɗaki, gwaggon miji ta ce aikin kishiya ne. Aka turnuƙe ta da hayaƙi, aka ɗura mata jiƙe-jiƙe, da ta fara fisge-fisge aka kulle ta a ɗaki. Ba a tuna da asibiti ba sai ranar da aka tare ta a bakin rijiya da jaririn a hannu. A unguwarmu aka yi wannan, cikin gari, a gidan da akwai masu karatun boko.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan ciwo na taɓin hankali bayan haihuwa. Yana kama mace 1 zuwa 2 cikin kowace 1,000 da suka haihu, kuma yawanci cikin mako biyun farko yake bayyana. Lokacin goyon ciki wasu sinadaran jiki da ake kira homon suna hauhawa sosai, da mabiyiya ta faɗo sai su rikito cikin 'yan kwanaki. Yawancin mata ƙwaƙwalwarsu na jure wannan sauyi, wasu kuwa ba ta jurewa, musamman wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta taɓa yin irinsa, ko wadda dama take da ciwon nan mai sa mutum ya yi ta zumuɗi na makonni sannan ya faɗa baƙin ciki. Zazzaɓi mai zafi bayan haihuwa da jijjiga su ma suna rikita hankali, kuma suna kisa idan aka yi sake.

Gado kaɗai bai isa ya kawo taɓin hankali ba. Ko tagwaye masu kama ɗaya, ɗaya kan kamu ɗayan ya tsira. Shi ya sa masana halayyar ɗan Adam ke cewa rauni ake gada, matsin rayuwa ke tayar da shi, kamar bangon da ke da tsaga, sai damina ta yi nauyi yake faɗuwa. Matsin kuwa mu muke ƙirƙirarsa da hannunmu.

Ku dubi yadda muke yi wa maijego. Da asuba a tashe ta wankan jego. Kafin ta kurɓi kunun kanwa 'yan barka sun cika ɗaki, wata na fita wata na shiga har bayan isha'i, kuma dole ta zauna ta amsa gaisuwa, in ba haka ba a ce ta yi girman kai. Dare ya yi jariri ya karɓi aiki. Miji kuwa yana can yana lissafin ragon suna. Rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da wannan ciwo, amma wa ya taɓa tambayar maijego awa nawa ta runtsa jiya? Ku rage barkar nan, don Allah. A samu mace ɗaya ta riƙe jaririn, uwar ta yi barci mai tsawo.

Ban da wannan akwai ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, don yana samun kusan mace 1 cikin 10. Ita ba ta ihu. Kuka take a ɓoye, abinci ya fita ranta, tana ganin ta kasa a matsayin uwa. Ita ma sai a ce shagwaɓa ce.

Ba wanda ya hana addu'a, a yi ta a hanyar asibiti. Maijegon da ta kwana biyu ba barci, ko take jin muryoyi, ko take tsoron ɗanta, a kai ta a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Mafi yawan masu wannan ciwo suna warkewa sarai da magani. Sai dai ciwon kan dawo a haihuwa ta gaba, don haka a daina ɓoye shi saboda gudun surutun dangin miji. A faɗa wa ma'aikaciyar jinya tun zuwan farko awon ciki, a shirya magani da mai taya ta kwana kafin naƙuda ta zo.