Lissafin Yawan Ƙwayoyin Gado: Misali Daga Cutar Sikila

Darasin lissafin ƙwayoyin gado a cikin al'umma yana daga cikin waɗanda ke bai wa ɗaliban sakandare wuya, domin sau da yawa akan koyar da shi da misalan da ba su saba da su ba. A ganinmu, cutar sikila, wato amosanin jini, ita ce misalin da ya fi dacewa da ɗalibin Gombe.

Kowane mutum yana gadon ƙwayoyi biyu masu tsara jininsa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AA ba ya ɗauke da cutar, mai AS yana ɗauke da ita ba tare da ta kwantar da shi ba, mai SS kuwa shi ne majinyaci.

Mu ƙaddara an gwada jinin jarirai 100 a unguwar Kumbiya-Kumbiya, aka sami AA 74, AS 24, SS 2. Jimillar ƙwayoyinsu 200 ke nan. Masu AS sun ba da S guda 24, masu SS suka ba da 4, wato 28. Idan aka raba 28 da 200 za a sami 0.14, wannan shi ne q. Ragowar, 0.86, shi ne p, yawan A.

A shekarar 1908 G. H. Hardy na Ingila da Wilhelm Weinberg na Jamus suka nuna cewa idan aure bai bi zaɓin jini ba, yawan masu SS zai zama q sau q. A nan 0.14 sau 0.14 ya ba da 0.0196, wato kimanin jarirai 20 cikin 1,000. Wannan ya yi daidai da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 game da Nijeriya, inda ta ce ana haihuwar kimanin jarirai 150,000 da cutar a shekara.

Sai dai ƙa'idar tana da sharuɗɗa. Auren zumunci yana ƙara yawan masu SS fiye da abin da lissafin ya nuna. Haka kuma a 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro, abin da ya sa S ta ɗore a ƙasashenmu.

Saboda haka muna ba da shawarar a shigar da wannan misali cikin manhaja, a haɗa shi da bayanin gwajin jini kafin aure: idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zama SS.