AJIYAR TAKARDU A INTANET: WA KE RIƘE DA MABUƊI?

A unguwar Jabi ta Babban Birnin Tarayya akwai hedkwatar Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da babbar tashar mota, da kantunan bakin tafki. Kowace safiya ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa suna kai da kawowa a waɗannan wurare, kusan kowannensu da waya a aljihu. A cikin wayoyin nan akwai hotunan iyali, da takardun jarrabawa, da lambar NIN, da sakamakon gwajin asibiti, wani ma har da takardar mallakar fili. Wayoyi da yawa kuwa suna kwafe waɗannan abubuwa da kansu su aika wani wuri, ba tare da mai wayar ya lura ba.

Wannan wuri shi ne Turawa ke kira "gajimare". Sunan yana da ruɗi, domin babu abin da ke sama. Manyan kwamfutoci ne a jibge cikin gine-ginen kamfanoni, galibi a ƙasashen waje. Google Drive yana bai wa mutum wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, iCloud da OneDrive gigabait 5 kowanne, Dropbox kuwa gigabait 2.

Wanda Aka Ba Ajiya

Alal misali, mutum ya je tashar Jabi zai aika saƙo Kano. In ya miƙa wa direba akwati a kulle tare da mabuɗinsa, to, ya dogara ne ga amanar direban. In kuwa ya miƙa akwatin ya riƙe mabuɗin, direba zai kai saƙo, amma ba shi da ikon sanin abin da ke ciki, ko da an tsare shi a hanya an tilasta masa.

Manyan kamfanonin nan suna kulle ajiya sosai, ɓarawo daga waje ba ya samun ta cikin sauƙi. Sai dai a tsarinsu na yau da kullum mabuɗin yana hannunsu. Saboda haka na'urorinsu suna iya duba abin da aka ajiye, hukumar ƙasarsu kuma tana iya nema ta hanyar kotu. A shekarar 2013 Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin Amurka take karɓar bayanai daga manyan kamfanonin intanet. A 2018 kuma Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa kamfanoninta miƙa bayanan da aka nema bisa doka, ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Ɓarayi ma sukan yi sa'a: a 2016 aka gano cewa satar da aka yi wa Dropbox tun 2012 ta shafi asusun mutane kimanin miliyan 68.

Ma'ajiyar da Mai Kaya Ke Riƙe Mabuɗi

Akwai kamfanonin da suka bi hanya ta biyu. Tun a kan wayar mutum ake kulle takarda da kalmar sirrinsa, sa'an nan a aika da ita, ta yadda abin da ya isa kamfanin tarkacen lambobi ne kawai. Daga cikinsu akwai Proton Drive, na wani kamfani da wasu masana kimiyya suka kafa a Janeba ta ƙasar Suwizalan a 2014, aka buɗe ma'ajiyar ga jama'a a 2022. Akwai Tresorit, wanda hukumar gidan waya ta Suwizalan ta sayi mafi yawan hannun jarinsa a 2021, da Sync na ƙasar Kanada, da MEGA da aka kafa a Niyu Zilan a 2013.

Wanda bai so ya bar inda ya saba ba, yana da mafita. Wata manhaja ta Jamus mai suna Cryptomator tana kulle fayil kafin ya shiga Google Drive ko Dropbox, watau mutum ya sa nasa kwaɗon a kan akwatin haya. Kamfanin Apple ya fito da ƙarin kulli ga iCloud a ƙarshen 2022, WhatsApp ma tun 2021 ya ba da damar kulle kwafin hirarraki. Duka biyun sai mai waya ya shiga ya kunna da hannunsa, abin da mutane ƙalilan ne suka damu su yi.

Makaranta ko asibiti ko ofishin lauya suna iya kafa rumbunsu a cikin gida da manhajar Nextcloud, wadda Frank Karlitschek ya fara a Jamus a 2016, gwamnatin tarayyar Jamus kuma ta zaɓe ta domin ma'aikatanta a 2018. Amma wannan aiki yana bukatar wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikacin da ya san gyara. Wanda ba shi da sola ko janareto tsayayye, gara ya haƙura.

Kada a Ruɗu

Lalle ne jama'a su san cewa riƙe mabuɗi nauyi ne. Wanda ya manta kalmar sirrinsa, bai kuma adana kalmomin ceto da aka ba shi ranar buɗe asusu ba, kayansa sun tafi ke nan, kamfanin kansa ba ya iya buɗewa. Ya kamata a rubuta su a takarda, a ajiye inda ake ajiye takardun gida, a kuma sanar da amintacce guda saboda halin rai.

Har ila yau, kullin yana ɓoye abin da ke cikin akwati ne, ba ya ɓoye mai akwatin. A 2021 hukumomin Suwizalan sun umarci Proton ya miƙa adireshin intanet na wani ɗan fafutuka a Faransa, ya kuwa miƙa. A 2022 da 2024 masu bincike na jami'ar fasaha ta Zurik sun gano rauni a kullin wasu daga cikin kamfanonin nan, har da MEGA da Sync. Sa'an nan ƙarin wurin ajiya da kuɗin waje ake biyansa.

Abin da Dokar Nijeriya Ta Tanada

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa 'yan ƙasa sirrin gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na waya. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya. Dokar ta bai wa mutum ikon tambayar abin da aka tara a kansa da neman a goge, ta gindaya sharuɗa kan fitar da bayanai zuwa ƙasashen waje, ta kuma wajabta wa mai riƙe da bayanan jama'a ya sanar da Hukumar cikin sa'o'i 72 in an yi satar da za ta iya cutar da masu su.

Takardun ofis kuwa ba na ma'aikaci ba ne, bai dace ya zuba su cikin asusunsa na kansa ba, kowane kamfani ne. Gwamnatin Tarayya ta kafa Galaxy Backbone a 2006 domin irin wannan aiki, yana da cibiyoyin ajiyar bayanai a Abuja da Kano. Ma'aikacin da ke neman wurin ajiye takardar gwamnati sai ya tuntuɓi sashen kwamfuta na ma'aikatarsa.