Allurar Komawa Ƙuruciya Da Allurar Ceton Rai

Malaman makaranta daga Wurno da Rabah da Goronyo sun sha tambayarmu labarin waɗansu allurai da ake talla cikin waya, ana ce da su feftaid, wai suna komar da tsoho saurayi. To, ga bayani.

Feftaid dai ba sunan magani guda ba ne. Akwai waɗansu ƙananan sinadarai da ake kira amino asid. Idan suka jeru kamar 'ya'yan tasbaha, shi ne feftaid. Da yawa daga cikinsu manzanni ne, jini ke ɗaukar su su kai umurni ga gaɓoɓi.

Biyu daga ciki ba a jayayya a kansu. Insulin, mai 'ya'ya 51, an samo shi a Toronto ta Kanada cikin 1921, ga shi har yau da shi masu ciwon sukari ke rayuwa. Oksitosin kuwa 'ya'yansa 9 ne kacal, an fara harhaɗa shi a Amurka cikin 1953. Shi ke matse mahaifa bayan haihuwa, jini ya tsaya. Amma fa zafi abokin gabansa ne: yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, alhali kowa ya san yadda bazararmu ke wuce 40. Kwalbar da ta daɗe a ɗakin magani babu firji tana iya rasa ƙarfinta, ungozoma ba ta sani ba sai ran da ta nema. Saboda haka aka gwada ɗan'uwansa mai jure zafi, kabetosin, ga mata kusan 30,000 a ƙasashe goma, har da Nijeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yarda da shi cikin 1918 da ɗari, watau 2018.

Na ƙuruciya fa? Cikin 1990 wani likitan Amurka, Daniel Rudman, ya yi wa dattawa 12 allurar sinadarin girma wata shida. Tsoka ta ƙaru, kitse ya ragu, 'yan talla suka samu abin faɗi. Da aka daɗa bincike sai ga kumburi da ciwon gaɓoɓi da hawan sukari, ƙarfi kuwa bai ƙaru yadda aka zata ba. Wani kuma, BPC-157, yawancin gwajinsa a jikin ɓeraye aka yi, an kuma hana 'yan wasa shi tun 2022. A ganinmu albashin malami bai kai ya zuba shi nan ba.

Wanda aka kawo wa irin wannan kwalba, ya nemi lambar NAFDAC a jikinta, ya kuma kai wa likita ya gani tun allura ba ta taɓa fatarsa ba.