Hawan Jini a Fagge: Aikin da Ya Dace da Kwamfuta a Ƙaramin Asibiti

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko na Sabon Gari ba ya rufe shago saboda ciwon da bai ji a jikinsa ba, hawan jini kuwa ba ya sallama kafin ya shigo. In kai ya sara, sai ya aika yaro kemis, ya sha magani kwana uku ya ajiye. Labari na gaba, ɓarin jiki ya shanye, an kwashe shi zuwa asibitin Murtala. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kusan rabin masu wannan ciwo a duniya ba su san suna ɗauke da shi ba.

A 2020 aka fara shirin shawo kan hawan jini a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun, bisa tsarin HEARTS na wannan hukuma. Ƙa'idar ba ta da tsawo: in awo ya tabbata 140/90 ko sama, a fara da amlodipine, in bai sauka ba a ƙara losartan, in abin ya faskara a tura mutum babban asibiti. Idan aka zuba wannan ƙa'ida cikin waya ko kwamfuta, ma'aikaciyar lafiya za ta shigar da shekarun mutum, awonsa, nauyinsa, ko yana shan taba, ko yana da ciwon suga, na'ura ta nuna mata girman haɗarin bugun zuciya da ke gabansa da matakin da za a ɗauka.

Masu shakka suna da hujja. A 2002 aka wallafa sakamakon wani gwaji a ƙananan asibitoci 60 na arewa maso gabashin Ingila, inda aka sa wa likitoci ƙa'idojin kula da asma da ciwon ƙirji na zuciya a kwamfuta. Babu wani canji da aka gani, domin likitocin ba su cika buɗe manhajar ba. To, ina ga ma'aikaciyar lafiyar da layin mata masu awon ciki ke jira a bakin ƙofarta? Amma wannan gwaji ya nuna inda kuskuren yake ne: an ɗora wa na'ura aikin ba da shawara, alhali shawarar da shafi ɗaya zai ɗauka ana iya manna ta a bango. Abin da bango ba zai iya ba shi ne tuna wanda bai dawo ba. Kati yakan ɓace, mutum yau yana Fagge gobe ya tafi Legas saro kaya, babban littafin rajista kuma ba mai lokacin bin sa shafi-shafi. Manhaja kuwa tana iya fitar da sunayen waɗanda ranarsu ta wuce kowace safiya, a buga musu waya. Rajista irin wannan da ƙa'ida guda ɗaya suna cikin abubuwan da asibitocin Kaiser Permanente na arewacin Kalifoniya suka yi amfani da su, masu hawan jinin da awonsu ya daidaita suka tashi daga kashi 44 cikin ɗari a 2001 zuwa 80 a 2009.

Batun wuta da intanet ya fi sauƙin amsawa: manhajar Simple da ake aiki da ita a Indiya da Bangaladash da Habasha tana aiki a wayar hannu ko babu sabis, ta aika bayanan daga baya. Wanda ya fi wuya shi ne magani. In na'ura ta ce a ƙara losartan amma kantar asibiti babu komai, majinyaci zai koma kemis ya sayi abin da kuɗin aljihunsa ya kai, wata mai zuwa kuma ba zai ɗaga wayar ba.