Shuɗi da ruwan toka: abin da fentin ɗakina na Kwantagora ya koya mini

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kasuwancin albasa a Mile 12 da ke Legas, kuma kamar yawancinmu mazauna Kudu, ginina yana gida, a Kwantagora. Da bikina ya matso, na tura wa mai fenti hoton wani ɗaki ta WhatsApp, shuɗi da ruwan toka, na tura kuɗi. Da na isa gida, wallahi sai da gabana ya faɗi. Shuɗin ya yi duhu kamar rinin shuni, tokar kuma ta koma kamar ɗanyen siminti. Saura kwana tara a kawo amarya, dole na sake kashe kuɗi. Ga abin da na koya, ko wani zai amfana.

Na farko, hoton waya ba ma'auni ba ne, don kowace waya da irin haskenta. Ka sa a shafa launin a jikin bangon, faɗin kamu biyu ko uku, sau biyu, ya bushe. Sannan a duba shi da safe, da la'asar, da kuma dare. Farin ƙwan lantarki yana ƙara wa shuɗi sanyi, mai ruwan ɗorawa kuwa yana iya karkatar da shi zuwa kore-kore.

Na biyu, yanayin gida daban da na Legas. A Legas laima da fumfuna muke fama da su. A Kwantagora kuwa ƙurar hunturu ce, sai zafin Maris da Afrilu. Shuɗi mai duhu yana tona jar ƙura nan take, yana cinye hasken ɗaki, ga shi sauro na son laɓewa a wuri mai duhu. Abin da na yi daga baya shi ne, bango uku ruwan toka mai haske, bangon kan gado kaɗai ya sha shuɗi ruwan sararin sama, silin kuma fari.

Na uku, tokar ma iri-iri ce. Akwai mai sirkin shuɗi, akwai mai sirkin ruwan ƙasa. Idan tayil ɗinka da gadon amarya ruwan ƙasa ne, ɗauki ta biyun. Ka tambayi launin kayan ɗakin tun kafin ka sayi fenti, don dangin amarya ba za su canja labule saboda bangonka ba.

Na huɗu, lissafi. Ɗaki ƙafa 12 da 12 mai tsayin ƙafa 10, in ka cire ƙofa da tagogi, bangonsa kusan murabba'in mita 40 ne. Fentin ruwa mai kyau, lita ɗaya takan rufe kusan mita 10 a shafa ɗaya a kan bango mai santsi. Shafa biyu ke nan lita 8, wato galan biyu masu lita 4. Mai araha da aka cika wa ruwa sai ya ci fiye da haka, ya kuma riƙa bin riga kamar alli. In da hali, sayi mai ɗan sheƙi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma.

Sai filasta. A bar sabuwa ta yi kamar mako huɗu kafin a shafa mata komai, in ba haka ba fentin zai kumbura ya ɓare. Idan za a haɗa launi da hannu, a haɗa duka lokaci guda a babban bokiti, don haɗi na biyu ba ya taɓa zama daidai da na farko.

Ɗan'uwa, in ba za ka samu zuwa gida ba, wakilta wanda zai tsaya a cikin ɗakin ya gani da idonsa kafin ka tura cikon kuɗin aiki. Allah ya sa mu shiga gidajenmu lafiya.